Keken Malam da Hular Ayilan

Litinin, 6 ga Satumba, bayan azahar

Kwana uku ke nan babu sabis. An rufe kasuwa, an hana hawa babur a bayan gari, motocin Faskari sun daina lodi. Ba wanda zan yi wa magana a gidan nan sai akuya da maigidana Malam, kuma akuyar ta fi shi amsawa. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin tsara darasi na lokacin da nake koyarwa, in riƙa zubawa a ciki. Ni Hajaratu, shekara talatin da biyar ina yi wa 'ya'yan mutanen Kankara tsawa a firamare, yau takarda nake yi wa.

Abin da ke cina Suwaibatu ce. Ɗiyar fari ce, ba na kiran sunanta da baki, amma takarda ba ruwanta da kunya. Tana aure a wani ƙauye can bayan Faskari, gab da Sabuwa, cikinta ya shiga wata tara. Rabona da muryarta tun ranar Alhamis. Ta ce ƙafafunta sun kumbura, ta fara wata magana, layin ya yanke. Wancan cikin da ƙyar aka ceto ta, ɗan bai zo da rai ba.

Ubanta kuwa yana zaure yana wanke keke.

Talata, 7 ga Satumba, da hantsi

Bari in rubuta yadda haukan nan ya fara, ko wata rana wani ya karanta ya tausaya mini. Malam ya yi shekara talatin yana aikin malamin gona, a kan keke ya yi su duka. Abokan aikinsa sun sayi babur, wasu har mota, shi yana nan da baƙin kekensa mai kariya. Da ya yi ritaya na ce alhamdu lillahi, ƙafa za ta huta. Sai ga Kamilu, autanmu da ke aikin jinya a ƙasar Ayilan, ya aiko masa da tsaraba bara: jar hular kwano, da wani ɗan littafi mai hotuna na hanyoyin da Turawan can ke bi da keke don shan iska. Tudu kore, gangare kore, tumaki farare tas, katangar duwatsu a gefe. Kowace hanya da lambarta da tsawonta da wurin da za a tsaya a sha shayi. Mutane sun ƙoshi sun rasa abin yi.

Tun ranar Malam bai dawo daidai ba. Hular dai ya rataye ta a ƙusa, wai yana jin nauyin sa ta a cikin gari. Amma ya sayi littafi mai kaurin bango ya fara zana nasa hanyoyin. Ta ɗaya, Kankara zuwa Ketare ta bayan fadama. Yanzu yana da tara. Yana rubuta inda tudu yake, inda rafi ke cika, inda akwai inuwar tsamiya, har gidan da za a ba mutum fura. Kuma wai dokar littafin Turawa ce, ba a dawowa ta inda aka tafi, sai an zagayo.

Ɗazu ya miƙo mini hoto ya ce, "Malama, duba mani wanga. Ki ce ba tudun bayan Faskari ba ne da damina. Wallahi ƙasarmu ta hi tasu kyau, rubutawa ce ba mu yi ba."

Na ce, "Su a nasu tudun tumaki ke jira. Kai a naka wa ke jira?"

Ya rufe littafin ya yi murmushi. Haka yake. Sai ka zage shi ya yi maka murmushi, ka ji kamar ka ƙara masa da mari.

Laraba, 8 ga Satumba, da la'asar

Ba sabis.

Alhamis, 9 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Na aike shi sayen gishiri a shagon kan kwana, na tsaya a ƙofa ina kallonsa don in ƙara wa kaina haushi. Sau shida ya sauka daga keken kafin ya isa. Ya sauka ya gaida liman, wannan na yarda. Ya sauka ya gaida mai faci. Ya sauka ya gaida wata tsohuwa mai tallan kuka da ba ta ma ji shi ba. Wai rashin ladabi ne ka wuce mutum kana bisa sirdi yana ƙasa. Tun muna amarci haka yake, tafiyar awa ɗaya sai ta cinye masa wuni. Ko akuya ce ta yi atishawa a bakin hanya ina jin sai ya taka birki.

Ƙanwarsa Mansura ta shigo ɗazu, ido jawur. Ta ji a wani gidan suna ana cewa waɗancan mutanen na daji masu bindiga sun shiga wani ƙauye ta wajen Sabuwa. Wane ƙauye? Ba ta sani ba. Yaushe? Ba ta sani ba. Na ce to mi kika zo yi, kawo mini rabin magana in mutu da ita? Ta fashe da kuka. Na bar ta nan na tafi na duba wake.

Juma'a, 10 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Yau na faɗa masa. Ya dawo masallaci ya zauna a kan tabarma yana jan layi da jan biro, sai na je na tsaya a kansa.

Na ce, "Wace hanya ce ke zuwa garin su yarinyar?"

Ya ce, "Ta bakwai. Ba ta bi ta titi, ta cikin gonaki take, ta ratsa gindin duwatsu. Kwana biyu ne a keke."

Na ce, "To amfanin mi take yi a cikin littafi? Shekara ɗaya kana zane kamar ɗan aji uku. Ɗiyarka na can ba ka san tana raye ko ta mutu ba, kai kana nan kana auna tudu. An hana babur, ba a hana keke ba. Yau ce ranar da Allah ya kawo wa kekenka amfani, sai kuma aka nemi namiji a gidan aka rasa."

Ya ce, "Malama, dawa ta yi tsawo. Ba a ganin abin da ke gaba."

Na ce, "Ai shi ke nan. Ba ni keken in ɗaura zani in hau. Kai ka zauna ka dama kunu."

Ya daɗe yana kallon littafin. Daga baya ya tashi ya ɗauko famfo.

Ban yi nadama ba. In ban yi magana ba, wa zai yi?

Asabar, 11 ga Satumba, da yamma

Ya sa wa sarƙa mai, ya ɗaure birki, ya haɗa kayan faci a tsohuwar jakar aikinsa. Mansura ta zo ta durƙusa a gabansa tana cewa, "Yaya, don Allah don Annabi kada ka tahi. A jira a buɗe hanya." Sannan ta juyo wurina, "Yaya Hajara, ke ce za ki hana shi, maganarki yake ji."

Na ce mata, "Ke da ba ki taɓa durƙusa naƙuda ba, mi kika sani game da jira?"

Shekararta ashirin da aure ba haihuwa. Na san inda zan taɓa, nan na taɓa. Ta ɗauki mayafinta ta fita ba sallama. Na soya masa gyaɗa, na ƙulla garin kwaki da ƙuli.

Lahadi, 12 ga Satumba, bayan fitowar rana

Ya tafi.

Zan rubuta abin da na gaya masa, don in ya dawo ya ce ban faɗa ba in buɗe in nuna masa. Na riƙe kan keken a zaure na ce, "Saurara da kyau. Wannan gaishe-gaishen naka na banza ka bar shi a nan gida. Ko wa ka gani a hanya, ko wa ya kira ka, kada ka sauka. Ka sunkuyar da kai ka taka. Yanzu ba a san na gari ba a san mugu. In ka tsaya gaida mutane za su ɗauke ka kamar kaza."

Ya ce, "Malama, in dattijo ne hwa?"

Na ce, "Ko kakanka ne ya taso daga kabari. Yi mini alkawari."

Ya ja keken zai fita. Na ce ba zan saki keken ba. Ya ce, "Na yi alkawari."

Na shiga na ciro jar hular nan daga ƙusa na kifa masa a ka, na ce tunda Baturen Ayilan yake son zama, yau ya cika. In ya faɗi a kan dutse aƙalla ƙwaƙwalwar da ba ya amfani da ita ta tsira. Ya naɗe rawani ta ƙasanta ya rufe hanci saboda sanyin safe, ido kawai ake gani. Wallahi na yi dariya. Ya ce kwana huɗu, in Allah ya so, ranar Alhamis zan ji ƙararrawa. Kullum in ya dawo sau biyu yake kaɗa ta a ƙofar gida.

Litinin, 13 ga Satumba, da azahar

Gidan ya yi faɗi. Na share zaure, inda keken ke tsayawa akwai tabon mai a ƙasa, ya ƙi fita.

Laraba, 15 ga Satumba, da la'asar

An yi ruwa tun safe. In yana da hankali ya fake. Ba sabis.

Alhamis, 16 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na yi tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, wadda yake so. Ba don shi na yi ba, ita ce a gidan. Tun azahar nake jin ƙararrawa, in fita in ga mai tallan rake ne ko ba kowa.

Na san abin da ya faru. Yana can a gindin wata tsamiya ya jingine keke yana tambayar wani tsoho lafiyar jakinsa. Alkawarin Malam! Mutumin da bai iya wuce kaza ba tare da ya ce mata sannu ba. Bari ya dawo, zai ji ta bakina. Tuwon na ba akuya.

Juma'a, 17 ga Satumba, da safe

Bai zo ba.

Asabar, 18 ga Satumba, da la'asar

Mansura ta zo ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, ba ta gaishe ni ba. Tana kallona kawai. Na ce in kallo ta zo yi ta biya kuɗin shiga. Ba ta motsa ba sai da aka kira azahar.

Matan unguwa sun fara rage murya in na wuce. Su rage. Da 'ya'yansu ne a can da sun tura mazansu ko a kan jaki.

Lahadi, 19 ga Satumba, bayan azahar

Na buɗe littafin Turawan ina dubawa. A wani hoto akwai tsoho da tsohuwa a kan keke biyu, suna gangarowa daga tudu, bakinsu a buɗe suna dariya. Malam ya sa alama da biro a gefen hoton. Ban san abin da yake nufi ba, ban kuma son sani. Na jefa shi bayan akwati.

Litinin, 20 ga Satumba, da la'asar

Ba ƙararrawa. Ba sabis. Na kasa cin abinci, tsoro nake ji, na rubuta na huta.

Talata, 21 ga Satumba

Da hantsi na ji ta. Sau ɗaya ta yi ƙara. Na fito da gudu ba ɗankwali, bakina cike da faɗan da na tanada.

Wani dattijo ne dogo a zaure, yana ɗaga keken ya tsallakar da shi dokin ƙofa, ƙararrawar ta bugi bango. Jakar na ɗaure a kariya. Jar hular na rataye a kan keken. Ƙafafunsa duk taɓo, ashe turo shi ya yi kwana biyu, bai hau ba. Ya ce sunansa Muttaka, daga Tungar Audi, wani ƙauye da hanyar dawowar Malam ke ratsawa. Ya cire takalmi ya tsuguna. Mansura ta shigo a bayansa, ban san wa ya kira ta ba.

Zan rubuta yadda ya faɗa. Tun da abin nan ya tsananta, samarin garinsu ke tsaron bakin gari. Ranar Alhamis da hantsi suka hango mutum ya danno daga gangare a guje, da jar hular kwano, fuska a rufe. Suka yi masa magana sau uku. Ya sunkuyar da kai ya ƙara takawa. Suka ɗauka ɗaya daga cikin waɗancan mutanen ne, wani ya ɗana bindiga ya harba.

"Hajiya," ya ce, "shekara talatin Malam Gide na wucewa ta ƙohwar garinmu, bai taɓa wuce ta bisa keke ba. Tun daga gindin kuka yake sauka ya turo, shina sallama. Yaran nan duk sun san shi, shi ya koya wa iyayensu sa taki. Ɗaya daga cikinsu har ya ce, kai, keken nan kamar na Malam. Sauran suka ce in Malam ne ai da ya sauka. Da ya sauka, Hajiya, wallahi ruwa za su kawo mashi. Da ya sauka kawai."

Sun yi masa sutura a can ranar, liman ɗinsu ya sallace shi. Wanda ya harbe shi ɗan ƙanen Muttaka ne, tun ranar bai yi magana ba. Dattijon ya ce ya zo ba da haƙuri, in kuma na ce a kai magana gaba, ga shi.

Na zage shi. Na zagi garinsu da samarinsu da uwayen da suka haife su, har muryata ta dishe, maƙwabta suka cika gidan. Duk lokacin da ya buɗe baki zai sake cewa da ya sauka, sai in ƙara ɗaga murya. Mansura ba ta yi kuka ba sai da ta tambaye shi, "Mi ya hana shi sauka?" Ya ce Allah kaɗai ya sani.

Laraba, 22 ga Satumba, da safe

Ina takaba. Mutane na shigowa suna fita. Kowa da irin nasa: ko birki ne ya tsinke a gangaren, ko tsoro ne ya kama shi ya ɗauka waɗancan ne. Ina cewa Allah ya sa haka ya fi alheri.

Alhamis, 23 ga Satumba, bayan azahar

Da gidan ya ɗan sarara na kwance jakar. Gyaɗar ya ci rabi. Akwai ƙullin daddawa da ban sa masa ba. Littafinsa na ciki a leda, bai jiƙe ba.

A shafin hanya ta bakwai ya yi gyara da jan biro: gadar itacen da ke rafin bayan duwatsu ruwa ya tafi da ita, a bi ta gabas. A ƙasa ya rubuta da baƙi:

"Talata. Malama, ɗiyarki ta haihu tun ranar Juma'a, namiji. Lafiya lau ita da shi, ƙafa ta saɓe. Garinsu ba abin da ya taɓa shi. Ta ba da daddawa a kawo miki. Sun ce in tsaya suna, wai sunana za su sa, na ce a'a, Malama na jira, hankalinta ba kwance yake ba."

Ranar Juma'a. Ina tsaye a kansa ina ce masa ya dama kunu, ita tana can ta riga ta rungume ɗanta.

Akwai wani a takarda ta gaba:

"Laraba. Na kamo hanyar gida ta Tungar Audi, don a zagayo. Tudun nan bayan ruwa ya fi na hoton kyau, ina ma Malama ta gani. Yau na wuce wani dattijo da jakinsa ban sauka ba, ya bi ni da kallo. Abin da nauyi ƙwarai. Amma Malama ta ce kada in sauka ko wa ya kira ni, na kuwa yi mata alkawari. Shekara arba'in ban taɓa yin abin da ya gamshe ta ba, bari in cika wannan."

Na karanta sau biyu. Na ji takun Mansura a tsakar gida. Na yage shafin a hankali don kada ya yi ƙara, na tura shi cikin wutar da ke ƙarƙashin tukunyar ruwan zafi. Na nuna mata na haihuwar, ta rungume littafin tana kuka tana hamdala.

Lahadi, 26 ga Satumba, da la'asar

Miyar da na yi da daddawar ta yi daɗi. Na ci, na fita bayan ɗaki na amayar.

Juma'a, 1 ga Oktoba, da hantsi

Mansura ta sake tambayata ko ya ce mini wani abu da zai tafi. Na ce ya ce a ba akuya dusa. Ta daɗe tana kallona.

Keken na zaure a kan tabon mansa. Na hana kowa taɓa shi.

Asabar, 9 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Sabis ya dawo. Wayar ta yi ta ƙara kamar za ta fashe. Suwaibatu ta fara kira, ba ta iya magana ba, kukan jaririn kawai na ji a bayanta. Sannan Kamilu. Ya riga ya ji ta bakin wani da ya fita birni, amma yau ne ya same ni.

Ya yi ta'aziyya, na amsa. Ya ce yana da hutu a watan sha biyu, da ya yi niyyar kawo wa Baba sabuwar sarƙa da fitila, su bi hanya ta ɗaya tare har Ketare.

Ya ce, "Inna, abu ɗaya ne ya hana ni barci. Baba ko yaro ya kira shi sai ya sauka. Mi ya sa ranar bai sauka ba?"

Mansura na zaune a gefena tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya.

Na ce, "Wa ya sani? Ina jin hular nan da ka aiko ce ta toshe masa kunne, bai ji kiran ba. Ita ce ma ta sa ba su gane shi ba."

Ya ce, "Inna, ni ne ke nan?" Ya fara kuka irin na lokacin da yake ƙarami, yana cewa Baba ka yafe mini, Baba ka yafe mini. Na riƙe wayar a kunne ina saurare har katinsa ya ƙare. Ban gyara maganar ba.